Fim a kan mai zanen da ba a ajiye zanensa ba: nazarin wani aiki a Katsina, 2019 zuwa 2024

## Asalin lamarin

Wannan nazari ya bi diddigin aiki guda ne: ƙoƙarin da wani matashi mai ɗaukar bidiyo a birnin Katsina ya yi na shirya fim ɗin tarihin wani dattijo mai zanen manyan motoci. An sakaya sunayen waɗanda abin ya shafa. Su huɗu ne: matashin, da dattijon, da babban ɗan dattijon, da wani tsohon yaron rumfarsa da ya koma Maraɗi da zama.

An haifi dattijon a cikin birni a ƙarshen mulkin Turawa. Mahaifinsa magini ne, irin waɗanda in sun gama ɗora tubali sun yi yaɓe, sai su bi fuskar zaure da ado tun laka tana ɗanya: dagi, takobi, allo, ga zankwaye a bisa. A nan yaron ya koyi raba bango gida biyu da ido, ba magwaji. Ya yi karatun allo, ya taɓa elementare bai ƙarasa ba. Da ya tasa aka kai shi Kano wurin wani ɗan kudu mai rubuta allunan talla a Sabon Gari, aikinsa wankin buroshi da dama fenti. Rikicin 1966 ya sa maigidan ya tattara ya koma garinsu, ya bar masa gwangwanaye da buroshi. Da su ya dawo Katsina ya kafa rumfa a kusa da tasha.

Shekarun 1970 su ne ganiyarsa. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, motocin bodin katako sun yawaita, Bedford da Marsandi 911, suna jigilar auduga daga yankin Funtuwa, da shanu zuwa Legas, da kaya zuwa Maraɗi ta hanyar Jibiya. Kafinta ya haɗa bodi, mai zane ya yi masa kwalliya. Mai mota ko direba shi ke zaɓen maganar da za a rubuta a goshin mota, "Mahaƙurci mawadaci" ko "Duniya labari", amma abin da zai hau murfin baya galibi mai zane ake bar wa: gaggafa ta suri maciji, dawisu, ɗan dambe ya ɗaga hannu, kaboyi da bindigarsa yadda aka gan shi a silima. Shi dattijon da zaki aka san shi. Zakin sauran masu zane gefe yake kallo. Nasa kuwa gangar jiki na fuskantar hagu, kan ya juyo ya ƙura wa direban da ke biye ido.

A tsakiyar shekarun 1980, bayan ya sauke farali, ya daina zana duk wani abu mai rai. Hujjarsa hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim a kan masu yin sura, musamman na mutumin nan mai sana'ar zane da ya je neman fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, aka ce masa in ya zama dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Daga nan sai furanni, masallatai, dagi da rubutu. Abincinsa bai yanke ba, domin ranar 23 ga Satumba 1987 aka fitar da Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, sabuwar jiha kuwa kowace ma'aikata da makaranta da asibiti tana neman allo. Abin da ya kashe kasuwar shi ne injin buga bana da sitika, wanda ya mamaye gari daga shekarun 2000. Allon da yake kwana uku a kansa, yanzu mai shi yana tsaye ake miƙa masa. Ya rufe rumfar, daga baya yanar ido ta rufe masa gani.

Matashin maƙwabcinsu ne. Ya yi difloma, yana cin abinci da ɗaukar bidiyon biki da tarukan siyasa, jarinsa kyamara ɗaya da kwamfutar tace hoto. Labaran da dattijon ke bayarwa a dakalin ƙofar gida bayan la'asar su suka jawo hankalinsa.

## Ƙarshen 2019: matsalar ta fito fili

Dattijon bai yi gardama ba da aka nemi izininsa. Matashin ya ce, "Baba, ko guda biyu ne a nuna mani cikin ayyukan, in fara da su." Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ai aikina tafiya yake. Wanda na gama da safe, da marece yana Zariya."

A gidan babu zane ko ɗaya, babu littafin gwaji, babu hoto. Haka sana'ar take. Bodin katako ruwa na dukansa, rana na gasa shi, in an jingine gara ta ci. Mota in ta canza hannu sabon mai ita yakan sake fenti, in ta mutu 'yan gwangwan su sayi ƙarfen, katakon ya tafi murhu. Mai zane ba ya sa hannu, in ma ya sa, sunan rumfa ne a can lungu da ƙananan baƙaƙe.

Masu irin wannan fim a wasu wurare suna da abin dafawa. Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1890, an yi fina-finai da dama a kansa. Ya bar zanen fentin mai sama da 800, ya bar wasiƙu sama da 600 da ya rubuta wa ƙanensa Theo, kuma tun 1973 akwai gidan adana ayyukansa a Amstadam. Mai shirya fim zai iya sanin abin da ya zana a wane wata, da abin da ya faɗa a kai da bakinsa. Ko a nan gida, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, ayyukansu suna gidajen baje koli da hannun masu tarawa, an kuma yi rubuce-rubuce a kansu. Dattijon ya yi zamani da su, ƙila ma idanun da suka ga zakinsa a kan kwalta sun fi yawa, amma babu wanda ya ajiye.

Matsala ta biyu babban ɗan ne. Ɗan kasuwa ne, shi ke riƙe da gidan, shi ke sayen magani. Bai ɓoye matsayinsa ba: mahaifinsa ya bar zanen masu rai shekara talatin da ɗoriya, ba zai yarda a tono abin da mutum ya bari don Allah a watsa a duniya ba. In fim ɗin allunan makarantu da masallatai ne, ya ce, bismillah.

Ta uku kuɗi. Babu mai ɗaukar nauyi, sai abin da matashin ya tara daga bukukuwa.

A wannan zama ne dattijon ya ambaci yaronsa na Maraɗi, ya ce, "Hannuna yana wurinshi." Iyakokin ƙasa na tudu suna rufe tun watan Agustan shekarar, matashin kuma bai bi maganar ba.

## 2020: zaman jira

Korona ta tsayar da bukukuwa, aljihun matashin ya tsaya tare da su. Watannin ya yi su yana rubuta labari da wani abokinsa da ya taɓa aiki da 'yan fim a Kano. Ba a ɗauki komai ba a wannan shekara.

## 2021: yunƙuri na farko, wasan kwaikwayo

Shawarar da abokan sana'a suka ba shi ita ce, tunda babu zane, a cike gurbin da labari. Lokacin fina-finai masu dogon zango sun fara cin kasuwa a YouTube, kowa kuma yana ganin ya san abin da ke riƙe mai kallo. Aka ƙirƙiro wata budurwa 'yar mai mota da iyayenta suka hana mai fenti. Aka ƙirƙiro abokin gaba da ya lallaɓo da dare ya watsa wa zane kananzir. Aka sa waƙa biyu. Zanen da za a nuna kuwa, hoton zaki aka sauko da shi daga intanet, aka buga a bana, aka manna a falanki, jarumin ya riƙa shafa busasshen buroshi a kai. Wato injin da ya rufe wa dattijon rumfa shi aka ba aikin zama hannunsa.

An yi kwana 9 ana ɗauka a farkon damina, aka tace minti 25 aka kai wa iyalin su gani a zaure. Dattijon ba ya gani sosai, amma yana ji. Da aka zo wajen soyayya ya ce, "Wace ce wannan da ake ta kira? Ni mace ɗaya na nema, ga ta can cikin ɗaki." Jikoki kuwa sun riga sun kai wa uwargida rahoto, ranta ya ɓaci. Daga nan ya sa aka matso masa da kwamfutar dab da fuska, ya daɗe yana duban hannun jarumin, ya ce, "Wannan riƙon cokali ne." Ya kwatanta yadda ake yi: ana riƙe buroshin rubutu daga can sama, a dogara wuyan hannu a kan wata siririyar sanda da aka naɗe wa kai da tsumma, a ja layi daga farko zuwa ƙarshe cikin numfashi ɗaya, ba a ɗagawa a tsakiya.

Babban ɗan ya ce a tsaya. An yi wa mahaifinsa ƙarya, an kuma nuna zakin da ya ce kada a nuna. Kusan rabin kuɗin da matashin ya tara sun tafi a nan.

Ya yi niyyar ya bi ƙauyuka neman tsofaffin bodi, domin an ce masa akwai matattun motoci a jingine wajajen Jibiya da Batsari. Hanyoyin ba su biyuwa saboda 'yan bindiga, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar. Ko wanda zai tambaya ta waya bai samu ba.

## 2022: yunƙuri na biyu, hira zalla

Bayan an ba da haƙuri, ta bakin ƙanen dattijon, aka amince da hira. Matashin ya kafa kyamara a zaure, dattijon a kan buzu, suka riƙa zama bayan hantsi. A ƙarshen shekara an tara awa 11.

Abin da ke cikin hirar mai daraja ne: yadda ake ciniki da mai mota, yadda direba ke kwana a gindin rumfa yana jiran fenti ya bushe, wane launi ke saurin kodewa a rana, yadda aka yi fama da sake rubuce-rubucen jikin mota lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Amma da aka tace awa ɗaya aka nuna wa mutum biyar da ba su san dattijon ba, babu wanda ya kai ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu ya ce wannan ai shirin rediyo ne. Tsoho ne zaune yana zana zaki a iska da yatsa, mai kallo ba ya ganin komai. An kuma lura da wani abu: duk ranar da babban ɗan ya zauna a wurin, dattijon yakan kauce wa shekarun 1970 gaba ɗaya, ya koma labarin allunan ma'aikatu.

Abubuwa biyu suka faru a wannan shekara da suka sauya akalar aikin, ko da yake a lokacin ba a gane ba.

Na farko, wani ɗan kamasho ya ce wa matashin yana neman abu inda ba ya nan. Mai zane ba ya ajiye hoto, amma direba yana ajiyewa, domin a wancan zamani duk wanda aka damƙa wa sabuwar mota sai ya kira mai hoto ya tsaya a jikinta. Aka bi ta shugabannin direbobi a tasha, aka yi cigiya a majalisun tsofaffin direbobi. Cikin wata huɗu aka samu hoto 14 da dattijon ko direbobin suka shaida aikinsa ne. Uku kaɗai masu launi, su ma sun koɗe sun koma ja-ja. A mafi yawansu direban ya tare rabin zanen da jikinsa. Ta wannan hanya aka kuma gano murfin baya guda ɗaya na ainihi, a wani gida a bayan ganuwa, an mayar da shi ƙyauren garken awaki. Ƙasansa ya ruɓe, awaki sun goge tsakiyar da jikinsu, abin da ya rage jela ce da ƙafar baya ɗaya da rabin kalma.

Na biyu, a ƙarshen shekara aka yi wa dattijon aikin yana a ido ɗaya, ya koma gani.

## Farkon 2023: sasantawa

Watannin farko na shekarar sun tafi a wahalar takardun kuɗi da canjin naira ya jawo, ba a iya biyan ko kafinta. An yi amfani da lokacin wajen zama da iyalin. Ƙanen dattijon da limamin unguwa suka shiga tsakani, aka tsaya a kan sharuɗɗa uku. Dattijon ba zai zana mai rai ba, ba kuma za a roƙe shi ba. Dalilinsa na bari zai fito da muryarsa, ba a yanke ba. Duk abin da aka sake zanawa saboda fim, za a rubuta a fuskar hoton shekarar da aka yi shi da hannun wanda ya yi. Babban ɗan ya ce, "Ni ban sa hannu ba, ban kuma hana ba. Tsakaninku da Baba."

Sai a nan matashin ya nemi lambar mutumin Maraɗi. Ya haura shekara sittin, har yanzu yana zana motoci da shagunan aski a can, bai taɓa barin zanen dabbobi ba. Da aka gaya masa abin da ake so, tambayarsa ɗaya: "Maigida ya sani?" Aka ce ya sani. Ya ce zai zo bayan Babbar Salla.

## Yuli 2023: yunƙuri na uku, sake zanawa

Wani kafintan bodi ya haɗa sabon murfin baya na katako, faɗi ƙafa 8, tsayi ƙafa 4, daidai da awon na garken awaki. Aka ajiye shi a rumfar kafintan.

Tun daga 29 ga Mayu da aka janye tallafin mai, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu, don haka aka haƙura da janareta da fitilu. Da hasken rana aka yi komai. Ranar farko hoton ya lalace, domin fentin na mai ne, ƙyalli gare shi, rana na dukansa sai kyamara ta ga fari fat. Aka ɗaura farin yadi a bakin rumfar ya tace hasken, aka kuma taƙaita ɗauka daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Damina ta taimaka ta wani gefen, ta cuta ta wani. Babu ƙurar hunturu da ke manne wa ɗanyen fenti, amma laima ta sa kowane shafi sai ya kwana biyu kafin a ɗora wani.

Matashin ya ɗauki kowane mataki daga kusa. An goge katakon da samfefa, an yi shafin fari. Mutumin Maraɗi ya turbuɗa zare a garin alli, yaro ya riƙe bakin ɗaya, ya ja tsakiyar ya saki, zaren ya daki katako ya bar miƙaƙƙen layi. Da alli ya fitar da gangar zakin, bai kalli hoto ba. Ya sirka fenti da kananzir a gwangwanin madara, yana ɗaga buroshi yana duban yadda yake ɗiga kafin ya yarda da kaurinsa. Launi mai haske ya fara shiga, rawaya, sannan ruwan ƙasa a geza, baƙin layi daga baya. Ɗigon fari a ƙwayar ido shi ne ƙarshe, kafin a sa shi zakin ba ya kallon kowa.

An gwada wata dabara da wani malamin zane ya ba matashin labari. A 1950 wani mai ɗaukar hoto, Hans Namuth, ya ɗauki Ba'amurken nan Jackson Pollock yana zuba fenti a kan gilashi, kyamara tana ƙarƙashi. A wani fim da ya fito a 1956 kuma Henri-Georges Clouzot na Faransa ya ɗauki Picasso, mai zane ɗan ƙasar Sifen, yana zane a kan takardar da tawada ke ratsawa, kyamara tana bayanta, mai kallo na ganin layi yana fitowa. Aka sayo gilashin taga aka kafa tsakanin mai zane da kyamara. Mintunan farko sun yi kyau ƙwarai: ga fuska, ga hannu, ga layi yana tahowa. Bayan haka fentin ya toshe gilashin. Daga baya shafin farko kaɗai ake gani, duk abin da aka ɗora a kansa ya ɓuya, ga shi a wannan sana'a baƙin layin da ke fitar da kama shi ke zuwa ƙarshe.

Wata matsalar ta fi wannan. Da aka zo rubutu, wanda dattijon da kansa zai yi, kyamara ta bayan gilashi tana ganin baƙaƙen a juye. Matashin ya juya hoton a kwamfuta, rubutun ya daidaita, amma dattijon ya koma bahago, ga shi yana rubuta sunan Allah da hagu. Ba a ko nuna wa iyalin wannan ba. Aka bar gilashin ga fure guda, rubutun aka ɗauke shi ta kan kafaɗarsa.

Hannun dattijon yana rawa in yana riƙe da kofi. Da ya dogara shi a kan sandar nan mai tsumma, rawar ta ragu ta yadda ya iya jan layi. Shi ya yi furannin kusurwa huɗu da dagin sama da rubutun. Bai zo rumfar ba ko sau ɗaya a ranakun zakin, sai da aka gama. Ya tsaya ya daɗe yana kallo da idon da aka yi wa aiki. Mutumin Maraɗi yana durƙushe a gefe ya ce, "Maigida, a duba mani." Dattijon ya ce, "Idon ya matso hanci da yawa." Sai ya kama bakinsa, ya ce, "Astagfirullah," ya yi dariya, ya juya ya nemi sandarsa. Kyamara tana kunne.

An shirya yin murfi na biyu, na gaggafa. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, mutumin Maraɗi ya yi sauri ya koma wurin iyalinsa, a farkon Agusta kuma aka rufe iyaka. Ba a yi na biyun ba.

## 2024: tacewa da nunawa

Fim ɗin da ya fito minti 41 ne, babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki. Ƙashin bayansa murfin nan ne, daga farin katako har zuwa ɗigon ido. A kansa aka ɗora muryar dattijon daga hirar 2022, hotunan direbobi suna shigowa inda maganar ta kai gare su. Ƙuruciyarsa an nuna ta da hannun wani tsohon magini yana fitar da dagi a ɗanyar laka. Ƙyauren garken awaki an nuna shi yadda aka same shi, da awakin. A ƙasan zakin an rubuta cewa an zana shi a 2023 da hannun almajirinsa.

Babban ɗan ya nemi a cire wurin "idon ya matso hanci". Dattijon ya ce, "A bar shi. Na faɗi, na kuma nemi gafara, duka biyun gaskiya ne." Aka bari.

An fara nuna wa iyali, uwargida ta kalla har ƙarshe. Sannan aka nuna a tasha bayan isha'i, da majigi, a kan farin yadi da aka ɗaura a jikin wata babbar mota. Tsofaffin direbobi suka riƙa kiran sunayen masu motocin da ke cikin hotunan, ana gardamar wace ce ta faɗi a wace gada. Cikin makonnin da suka biyo baya aka kawo ƙarin hoto 9. An kuma nuna wa ɗaliban zane a wata kwaleji. Babu gidan talabijin da ya saya, masu kallo a YouTube ba su taka kara sun karya ba, kuɗin da aka kashe ba su dawo ba.

## Abin da nazarin ya nuna

Yunƙurin farko ya faɗi ne saboda an ɗauka rayuwar mai zane ita ce abin kallo, zanen kuma kayan ado ne da za a iya aro daga ko'ina. Rayuwar wannan dattijo, in aka cire buroshi, irin ta dubban magidantan Katsina ce: aure ɗaya, rumfa ɗaya, Makka sau ɗaya. Shi ya sa aka ga dole sai an yi ƙari, ƙarin kuma ya faɗa kan mutanen da ke raye, suna zaune a gida ɗaya da wanda ake ba da labarinsa. Mai yin fim a kan wanda ya rasu shekara ɗari da suka wuce yana da sararin da maƙwabci ba shi da shi.

Na biyu gaskiya ne daga farko har ƙarshe, amma babu abin da ido zai kama. Duk da haka ba asara ba ne, da babu awa 11 ɗin nan da fim na uku ba shi da murya.

Na uku ya yi aiki domin ya ba mai kallo abin da yake ci gaba a gabansa, yana son ya ga ƙarshensa, kuma ya gaya masa a fili wane hannu ne ya yi. A ganina sharuɗɗan babban ɗan sun gyara fim ɗin fiye da yadda suka takura shi. Su suka tilasta a mayar da barin zanen masu rai tsakiyar labari, alhali rubutun 2020 ya tsallake shi a layi biyu, kuma shi ne abu mafi nauyi da ya faru a rayuwar mutumin a matsayinsa na mai zane. Ina kuma ganin kuɗin 2021 da ba a kashe su ba, da an bi maganar mutumin Maraɗi tun ranar da aka faɗe ta.

Akwai abin da bai warware ba. Zakin da ke cikin fim ɗin na almajiri ne da ya yi kusan shekara arba'in yana aiki shi kaɗai a wata ƙasa, hannunsa ya ɗauki nasa salon, kuma gyara ɗaya tak maigidan ya yi kafin ya kama bakinsa. Jela da ƙafar da suka rage a ƙyauren awaki sun fi na sabon sirantaka, duk wanda ya haɗa su zai gani. Shekaru ashirin na rubutun alluna, waɗanda su suka ciyar da gidan, minti huɗu kawai suka samu, saboda ba su da armashin zaki. Wannan rashin adalci ne ga aikin da shi dattijon ya fi alfahari da shi.

Sabon murfin yana jingine a rumfar kafinta, inda gara za ta iya yi masa abin da ta yi wa na baya. Wurinsa, shi da ƙyauren awakin da hotuna 23, gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina ne, in iyalin da masu hotunan sun yarda. Hirar awa 11 kuwa tana kan faifai ɗaya a ɗakin matashin, babu kwafi a wani wuri, kuma ba a rubuta ta a takarda ba tukuna.